Taimako, Gyara da Hattara a Adabin Yara: Tatsuniyar Hausa a Gaban Littattafan Yaran Sudan

1.0 Gabatarwa

Akwai abubuwa uku da manya ke ɗokin cusa wa yaro tun bai isa shiga makaranta ba: ya taimaki abokinsa, ya gyara abin da ya lalace a hannunsa, ya kuma yi hattara da abin da zai cuce shi. Wannan takarda za ta duba yadda tatsuniyar Hausa ta ɗauki waɗannan jigogi, sannan ta auna ta da wasu rubuce-rubuce biyu da aka yi wa yaran Sudan a zamanin mulkin Ingilishi da bayansa, wato littafin Subul Kasb al-Aish fi al-Sudan da mujallar Al-Sibyan. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, tatsuniya ta ba hattara muhimmanci sosai, ta yi wa taimako rabin aiki, gyara kuwa kusan ba ta san da shi ba. Kuma wannan giɓi na gyara shi ne ya rage wa sauran jigogin biyu ƙarfi.

Ɗalibi na iya tambayar abin da ya kai mu Sudan. Amsar ita ce akwai yaro Bahaushe a can, wanda ya tashi a tsakanin adabin biyu. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanen ƙasar Hausa a bakin kogin Nilu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 sai ƙarin mutane suka sami abin tsayawa. Jikokinsu da dama sun gangaro Khartum da Omdurman, kuma duk wanda ya ci agashe a bakin titin waɗannan birane ya san hannun Bahaushe ne ya kawo shi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Yaron irin wannan gida, in yana da rabo, ya ji tatsuniya da Hausa daga bakin kakarsa da dare, da safe kuma ya tafi makarantar da ba a magana da shi sai da Larabci.

2.0 Abin da tatsuniya ta iya

A fara da hattara, domin nan tatsuniya ta fi ƙarfi. Hanyarta guda ce a mafi yawan lokuta: a kafa doka, tauraro ya karya ta, Dodo ko wata masifa ta biyo baya. Kada a fita da dare, kada a buɗe wa baƙuwar murya ƙofa, kada a auri mutumin da ba a san asalinsa ba komai kyansa. Yaro yana jin tsoro, tsoron kuma yana zauna masa. Sai dai a lura, sau da yawa ba a faɗa wa yaro dalilin dokar. An ce kada, shi ke nan. Abin da yake koya a nan biyayya ce ga mai hani, kuma biyayya tana aiki ne muddin mai hanin na kusa.

Tatsuniyar Ta-kitse ta fita daban, shi ya sa a ganina ta fi sauran amfani ga malamin ƙananan yara. Yarinya ce da aka yi da kitse, aka aurar da ita bisa sharaɗin ba za ta kusanci wuta ba. Kishiyoyi suka tilasta mata aiki a bakin murhu, ta narke. Yaro ɗan shekara biyar da ya taɓa ganin man shanu a rana ba ya bukatar a yi masa bayani. Dalilin hanin yana cikin jikin abin da aka hana, kuma laifin bai tsaya kan yarinyar ba, ya hau kan waɗanda suka san rauninta suka ƙi kula. Ke nan an haɗa hattara da kula da wani a cikin labari ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba.

Ko rubutaccen adabinmu na farko ya gaji wannan fifiko da ake ba hattara. Dubi ginshiƙin littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Musa ɗan sarki yana son ya bi Mahmudu, wanda suka tashi tare, zuwa fagen fama. Aku yana tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. An sa son kai wa aboki ɗauki a gefe ɗaya, zama cikin gida a ɗaya gefen, kuma zama ne ya yi nasara, domin da ya fita da ya faɗa tarkon Waziri. Hikimar tsarin ba ta da musu. Amma yaran makaranta na Arewa sun shekara da shekaru suna karanta littafin da ya nuna musu cewa yaron kirki shi ne wanda aka yi dabara aka hana shi motsi.

Taimako kuwa, tatsuniya ta san shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta jarrabawa: yarinya ta tarar da tsohuwa a bakin rafi, tsohuwa ta ce a cuɗa mata baya, 'yar bora ta cuɗa ta sami arziki, 'yar mowa ta yi tsaki ta gamu da wahala. Tatsuniyar ruwan Bagaja ta bi irin wannan zubi na 'ya'yan kishiyoyi biyu. Ta biyu ita ce ta Gizo, wanda ake taimaka wa ya ci amana, kamar yadda hankaki suka ara masa gashinsu ya tashi zuwa itacen ɓaure, ya nuna haɗama, suka karɓe abinsu suka bar shi a tsakiyar ruwa. A fuska ta farko wanda aka taimaka wa baƙo ne mai ɓoyayyen iko, lada kuma tana zuwa nan take, ninkin-ba-ninkin. A ta biyu darasin ya fi karkata ga gargaɗi game da mugun aboki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne labarin yara biyu tsara, ɗaya ya shiga matsala ta yau da kullum, ɗayan ya kama masa, ba don wata tsohuwa za ta ba shi ƙwai mai fitar da dawaki ba. Abin mamaki, al'ummar da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wadda ta san aikin gayya a gona da wajen yaɓen ɗaki, ba ta cika sa gayya a tatsuniyarta ba.

Kada a ɗauka wannan hali na Hausawa ne su kaɗai. Tatsuniyoyin Larabawan Sudan, waɗanda suke kira ahaji, da haka suke: kaka ce mai bayarwa, akwai dodonsu da suke kira gul, akwai kyakkyawar yarinya Faɗimatu as-Samha da ke tsere wa masifa. Farfesa Abdullahi al-Tayyib ya tattara su a littafi; shi ne kuma wanda ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano a tsakiyar shekarun 1960. Saboda haka bambancin da za mu gani a gaba bambanci ne tsakanin labarin dare da rubutun makaranta, ba tsakanin kabilu biyu ba.

3.0 Abokai tara da wani Baffa Tango

A 1934 aka kafa cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda kusa da Duwaim, a bakin Farin Nilu, ƙarƙashin wani Bature mai suna V. L. Griffiths. Sunan wurin ba baƙo ba ne a Arewacin Nijeriya, domin can aka tura Abubakar Mahmud Gumi da Shehu Galadanci da wasu abokan karatunsu a tsakiyar shekarun 1950. Daga wannan cibiya ne littafin Subul Kasb al-Aish fi al-Sudan ya fito, wato hanyoyin neman abinci a Sudan. Fitacce daga cikin waɗanda suka shirya shi shi ne Abdurrahman Ali Taha, wanda ya zama ministan ilimi a 1948.

Littafin labarin ƙasa ne na 'yan firamare, amma zubinsa na adabi ne. Malami yana ɗaukar aji tafiya ta tunani zuwa wurare tara, a kowane wuri akwai aboki mai suna da gida da iyaye. A Golid ta arewa aboki yana cikin dabino, ana jawo ruwan Nilu da shanu masu juya keken ban-ruwa. A Babanusa makiyayin shanu ne. A Yambiyo, wadda tun 2011 take cikin Sudan ta Kudu, ana cin rogo. Akwai na Muhammad Ƙol a gaɓar Bahar Maliya, da na Wad Sulfab cikin audugar Jazira, da na Atbara garin jirgin ƙasa, da na Omdurman. Akwai waƙar da ke rakiyar tafiye-tafiyen, wadda dattawan Sudan da dama ke iya rerawa da ka har yanzu.

Abin da ya kamata manazarcin adabin Hausa ya lura da shi a nan shi ne matsayin da aka ba kalmar aboki. Abokin ba aljani ba ne da ya rikiɗa, ba shi da ladar da zai bayar. Yaro ne kamar mai karatu, kuma hanyar saninsa ita ce sanin aikin gidansu: me suke shukawa, da me suke ɗebo ruwa, ina suke kwana in damina ta sauka. An ɗaura abota a kan aikin hannu. Yaron da ya san yadda keken ban-ruwa ke juyawa ya kama hanyar sanin abin da zai faru in haƙorinsa ɗaya ya karye.

Littafin yana da nasa rauni. Ziyara ce ta baƙo da mai masauki. Ana ci, ana kallo, ana godiya, a wuce. Mai karatu ba ya tuɓe riga ya kama aiki. Abokan tara duk maza ne, alhali tatsuniyar Hausa, duk da abin da muka faɗa a kanta, 'yan mata ne suka fi yawa cikin taurarinta. Sannan babu Bahaushe ko Bafillace a cikin taran, ko da yake an je har cikin audugar Jazira, inda guminsu ya zuba. Yaron Hausawa da ya zauna a aji a Omdurman ya zagaya ƙasar duka bai tarar da gidan da ya yi kama da nasu ba.

Mujallar Al-Sibyan ta fara fitowa a 1946 daga ofishin wallafa na hukumar ilimi a Khartum, tana cikin mujallun yara na farko-farko da aka yi da Larabci. Ma'anar sunan ma yara maza ne, abin da ya ƙara tabbatar da ƙorafin da ke sama. Ofishin ya yi kama da Hukumar Talifi ta Zariya ta zamanin R. M. East, sai dai Zariya ta fi ba da ƙarfi ga littattafai da jaridar manya, Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun 1939. Tauraron da aka fi tunawa a Al-Sibyan shi ne Ammak Tango, wato Baffanka Tango, labarin barkwanci cikin zane. Mai zanen da sunansa ya fi haɗuwa da shi shi ne Sharhabil Ahmad, mutumin Omdurman, wanda kuma ya yi suna a kiɗan zamani.

Tango babban mutum ne mai yawan kwaɓa. Ya kan shiga abu da gaba gaɗi ya fito da kunya, yara su yi dariya. A ido za a ce Gizo ne ya sa jallabiya, amma akwai bambanci mai muhimmanci ga mai koyarwa. Gizo mugun wayo gare shi, kuma sau da yawa yana tsira. Yaro kan fita daga tatsuniyar yana sha'awarsa a ɓoye. Tango ba abin koyi ba ne, kuma ba abin tsoro ba ne. Yaron da ke kallon zanen yana hango kuskuren kafin Tango ya hango, saboda haka shi ne mai hankali a cikin su biyun. Wannan hanya ce ta koyar da hattara da ta saɓa wa ta Dodo: ana ba yaro damar ya gano haɗarin da idonsa, a kuma bar shi ya ji daɗin ganowar. Ita ma tana da iyaka, domin wanda ya faɗi a zane yakan tashi garau a fitowa ta gaba.

4.0 Giɓin gyara

Yanzu a koma ga jigon da aka ce tatsuniya ta bari. Idan abu ya lalace a tatsuniya, hanyoyin da ake bi kaɗan ne. Ko a tafi neman wani a duniya mai nisa, ko wani mai iko ya mayar da shi yadda yake, ko a biya diyya a sarƙe, wannan ya ba da wancan har a kai ga abin da ya fi na farko. Ko Ta-kitse da muka yaba, a ruwayoyin da ta dawo da rai, ta hanyar al'ajabi ta dawo. Da wuya a ji inda aka zauna aka duba inda abu ya tsage, aka nemo zare, aka ɗinke.

Wannan ba ya rasa nasaba da yadda al'umma ke kallon mai gyara. Hausa tana da kalma ta musamman ga mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, gyartai, amma ba sana'a ce da ake yi wa kirari a fada ba. Karin maganganun da suka ambaci gyara ma da dama gargaɗi ne a kansa. Ana cewa gyaran gangar Auzinawa ga wanda ya zo gyara ya ƙarasa ɓatawa. Ana cewa garin neman gira an rasa ido. Wanda ya fi sassauci shi ne gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, shi ma a kan karɓar shawara yake. Kalmar gyara kanta, in ta shigo maganar yara, hali ake nufi: a gyara masa zama, a gyara tarbiyyarsa. Yaro abin gyarawa ne, ba a cika ɗaukarsa mai gyara ba.

Amma rayuwar yaran ta ƙaryata adabin. Yaron Kano da ke ƙera motar kara ko ta gwangwani, in ƙafa ta cire ba ya jiran aljani. Yakan nemi abokin da ya fi shi iya lanƙwasa waya. A Sudan abin ya kai ga manya: makanikai da maƙeran ƙasar sun shahara da sake ƙera tsofaffin manyan motocin Bedford, waɗanda suke kira sifinja, har su ɗauki kayan da kamfanin da ya yi su bai taɓa zato ba, an ma yi fim a kan haka a 2009. Unguwannin masana'antu na Khartum da Omdurman sun daɗe cike da yara masu koyon aiki, masu miƙa sifana. Ga kayan labari a zube, ba a ɗauka ba.

Dalilin da ya sa na ce wannan giɓi ya raunana sauran jigogin biyu shi ne, wurin gyara ne taimako da hattara ke haɗuwa ba tare da an yi wa'azi ba. A ɗauki misalin labarin da malami zai iya tsarawa ga 'yan aji ɗaya: sarƙar keken wata yarinya ta zame, ƙawarta ta riƙe mata keken, ita kuma tana mayar da sarƙar. Dole ɗaya ta riƙe, in ba haka ba keken ya faɗi. Ga taimako, kuma ladarsa ita ce keken ya tashi. Dole a cire yatsa kafin a juya feda. Ga hattara, dalilinta kuma a fili yake kamar kitsen Ta-kitse. In sarƙar ta tsinke ne gaba ɗaya, sai a tura keken wurin mai gyara, yaro ya koyi cewa akwai inda hannunsa ya tsaya. Babu Dodo, babu ƙwan arziki, kuma labarin bai rasa abin sa zuciya ta tsaya ba, domin rana tana faɗuwa kuma keken na yayanta ne.

Sudan tana da kalmar da ta yi daidai da gayya, wato nafir. Da ambaliya ta ci unguwannin Khartum a 2013, matasan da suka fito ceto da wannan suna suka kira kansu. Marubucin da zai yi wa yaran Hausawan Sudan littafi yana da kalmomi biyu a hannunsa masu nufin abu ɗaya, ɗaya ta gida, ɗaya ta unguwa.

5.0 Bayan 2023

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya sauya ma'anar waɗannan kalmomi uku ga yaron Khartum da Omdurman. An rufe makarantu, da yawa suka zama masaukin waɗanda suka rasa gida. Taimako ya koma tukunyar unguwa, wadda suke kira takiyya, inda 'yan sa-kai ke dafa wake ko adas a raba, yara kuma su ne masu layi da kwano. Bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris 2025, waɗanda suka koma sun tarar da ƙofofi a ɓalle, an zare wayoyin lantarki, famfo ba ruwa. Yaro bai taɓa ganin gyara da yawa haka a idonsa ba.

A nan ne kuma ra'ayin wannan takarda ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa. Cikin ɓaraguzan gidaje da filayen wasa akwai harsasai da rokoki da ba su fashe ba, ma'aikatan kwance nakiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta gargaɗi a kansu. Yaron da aka koya wa son duba abu, ya juya shi, ya ga yadda aka haɗa shi, shi ne ya fi kowa shiga haɗari a gaban irin wannan ƙarfe. Dabarar Tango ba ta da amfani a nan, don ba a tashi a fitowa ta gaba. Abin da ake bukata shi ne tsohon hanin tatsuniya, gajere, marar ciniki: kada ka taɓa, ja da baya, kira babba.

Saboda haka marubucin yaran wannan wuri ba zai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, kuma aikin da ke gabansa ya fi na Imam da na malaman Bakht er-Ruda wuya. Sai ya koya wa ɗan shekara shida rarrabe abu iri biyu da duka ƙarfe ne, duka a ƙasa suke, duka sun yi tsatsa: wanda aka san mai shi da aikinsa, kamar sarƙar keke ko marfin tukunya, da wanda ba a san daga inda ya faɗo ba. Na farko a kira aboki a gyara tare. Na biyu kuwa taimakon da za a yi wa aboki shi ne a riƙe masa hannu a ja shi baya, ko da zai yi fushi, ko da shi ya fara gani.